Kujera ta Biyu a Gaban Kyamara

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Laraba wata budurwa ta sauka daga kan ɗan acaɓa a ƙofar caji ofis na Bagwai. Farar rigar asibiti ce ƙarƙashin hijabinta, bakin rigar duk jar laka. Ba ta tsaya a kantar karɓar ƙara ba, sai da Saja Ramlat ta sha gabanta.

Sufeto Uwaisu yana ofishinsa, bai ma taɓa shayinsa ba, aka shigo da ita.

"Sunana Muhsina Fatihu, Yallaɓai. Ina aiki a asibitin sha-ka-tafi na Gidan Kanya, bayan madatsar Watari. An ɓalle ɗakin magani, an ɗauke jakata."

"Me ke cikin jakar?"

"Kwamfutar da ƙungiyar gari ta ara mini. Da takarduna na asali, tun daga firamare. Da lasisin shugabanmu."

"To, za mu rubuta, mu turo mutum."

"Yallaɓai, ƙarfe biyu nake da intabiyu."

Ya ɗago ya dube ta. Ta yi masa bayani da sauri, kamar wadda ta gaji da maimaitawa. Wata jami'a ce da ke koyar da aikin nas ta intanet: karatu a gida, aikin hannu a asibiti. Wata takwas ta yi tana cike fom tana turawa. Saura mataki ɗaya, ganawa ta bidiyo da matar da ke ɗaukar ɗalibai.

"Kujera biyu ake ajiyewa gaban kyamara," in ji ta. "Zan fara nuna fuskata da takarduna. Sai a yi mini tambayoyi. Daga ƙarshe shugaban da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya zauna a kujera ta biyu, ya ɗaga lasisinsa, su duba shi a rajista, ya shaida na yi shekara uku ina duba marasa lafiya. Minti biyar ne nasa. In babu takardu, babu ganawa. Yau ce ranar ƙarshe ta bana."

"Wane ne shugaban?"

"Baba Likita."

"Sunansa nake tambaya."

"Kamaruddeen Muhammadu Sani. Haka yake a lasisi. Mu dai Likita muke cewa."

"Yana ina?"

"Ya tafi suna Rimin Gado tun jiya da yamma. Ya ce zai dawo kafin azahar."

Sufeto Uwaisu ya dubi agogon bango, ya ture kofin shayin, ya ɗauki hularsa.

Hanyar Gidan Kanya ta ratsa gonakin rani ne, tumatir da albasa dama da hagu, gida na bin gida ba daji a tsakani. Mutum dubbai ke zaune a wannan yanki, kuma ko nas ɗaya babu. Kowa ya san haka. An saba, kamar yadda aka saba da ramukan hanyar.

Da suka zo wata 'yar gada, Muhsina ta juyar da kai. Saja Ramlat ta lura.

"Lafiya, ƙanwata?"

"A nan yayata Khadijat ta cika, Anti. A bayan a-kori-kura, da cikin wata tara. Jijjiga ce. Shekara huɗu kenan."

Motar ta tsaya kafin su kai. An sako ruwan noma tun jiya, ya malale 'yar hanyar da ke shiga asibitin, dole suka ƙarasa da ƙafa.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda, mutanen gari suka gina shi da aikin gayya. An ɓanɓare mariƙin kwaɗon ɗakin magani da ƙarfe. Amma ƙofar a rufe take, an ɗaure ta da waya, ɗauri mai kyau har zagaye uku.

"Ke kika ɗaure?" in ji Sufeto.

"A haka na same ta. Na kwance na leƙa, na ga ba jaka, na mayar yadda take."

"Don me ɓarawo zai ɗaure ƙofa?"

"Awaki, Yallaɓai. In aka bar ta a buɗe sukan shigo su ci auduga."

Saja Ramlat ta yi 'yar dariya. "Ɓarawon nan ya samu tarbiyya. Saura ya yi shara kafin ya tafi."

A ciki, manyan baturan sola biyu suna nan. Kabad ɗin magani ba a taɓa shi ba. Sufeto ya daɗe yana kallon baturan. A shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wanda ya fasa asibitin ƙauye ya bar batir ba.

Can sama a bango akwai wani wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi sauran haske.

"A nan lasisin yake rataye tun ina yarinya," in ji Muhsina. "Jiya na hau tebur na sauko da shi, na goge ƙurar, na sa a jaka don kada a manta."

"Likita ya san kin sauko da shi?"

"Na gaya masa yana shirin tafiya. Bai ce komai ba."

Maigadin asibitin, Baba Gana, tsoho ne dogo, iyayensa daga gabas suka zo tun kafin a yi madatsar. Yana zaune a kan buzu a baranda yana jan carbi.

"Baba, ina kwana. Yaushe aka fasa?"

"Lafiya lau, Yallaɓai. Na tafi sallar asuba ƙofa lafiya. Na dawo na tarar da haka."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Na hango samari biyu a kan babur, sun yi wajen madatsa da gudu. Baƙi ne."

"Daga nan ƙofar suka tashi?"

"Daga nan."

Sufeto ya nuna masa hanyar da hannu. Laka ce sumul. Sawun silifa, sawun awaki, da sawun takalman 'yan sanda.

"Babur ɗin fiffike gare shi, Baba?"

Tsohon ya ci gaba da jan carbi. "Idon tsoho ne. Wataƙila mafarki na yi."

"Wataƙila."

Sufeto ya koma ɗakin magani. A kusurwa akwai farin firij na allurar rigakafi yana ƙugi a hankali. An manna takarda mai layuka a murfinsa, da biro ɗaure da zare.

"Wannan fa?"

"Awon sanyi ne," in ji Muhsina. "Safe da yamma ake duba ma'auni a rubuta. In ya wuce takwas alluran sun lalace. Baba Likita ya fi tsananta wannan a kan komai. Yakan ce wanda ya wuce firij bai duba ba, ya kashe yaro bai sani ba."

Ya bi layukan da yatsa. Talata da yamma, huɗu. Laraba da safe, biyar.

"Yau Laraba. Ke kika rubuta wannan?"

Ta matso ta duba.

"Ban shigo har nan ba."

"Su wa ke rubutawa?"

"Ni, da Tahira abokiyar aikina, da..." Ta haɗiye sauran. "Wataƙila Tahira ce."

Ya ɓalle takardar a hankali, ya ninke ta. Ƙarfe goma saura.

Sun sami Tahira a tsakar gidansu tana shanya yankakken tumatir a kan buhu. Ba ta tashi ba.

"Na san za ku zo. Tun da safe mata ke leƙowa ta katanga. Ai ni ce mai baƙin ciki, kowa ya yanke."

"Kin je asibiti yau?" in ji Saja Ramlat.

"Ba ranar aikina ba ce."

"Kin san Muhsina na da intabiyu?"

"Ni me na sani game da intabiyu? Ban ma san yadda ake yi ba."

"Maƙwabciyarki ta ce bara har ɗinki kika yi dominsa."

Tahira ta ajiye wuƙar. Ta goge hannu a zani.

"To, na yi. Ni na fara samo jami'ar ma, ni na nuna mata. Na wuce kashi na ɗaya, na wuce na biyu, matar har tana yaba mini. Da aka zo na uku, kujera ba kowa. Ciwon haƙori ya kama Baba Likita da safe, ya tafi Kano. Na zauna ina kallon kujerar har aka kashe."

"Ba ki nemi a sake ba?"

"Na nema. Ya ce lasisin na wajen sabuntawa. Da na matsa, babana ya ce ba a titsiye babba. Na haƙura." Ta yi murmushin da ba daɗi a ciki. "Muhsina ta fi ni wayo. Ta rubuta musu tun da wuri, suka ce in shugaba bai samu zuwa ba, a ɗaga lasisin a kyamara, shi ya bayyana cikin mako. Shi ya sa ta sauko da shi."

Sufeto Uwaisu ya buɗe takardar firij ya miƙa mata.

"Layin ƙarshe. Hannunki ne?"

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, fiye da yadda lamba ɗaya ke buƙata.

"Ni biyar ɗina ba ta da doguwar hula haka."

"Ta wa ke da ita?"

"Yallaɓai, duba sama mana, ga su nan reras tun farkon wata." Muryarta ta yi ƙasa. "Kada ka sa na faɗa da bakina. Shi ya cire mini ƙaya a ido ina 'yar shekara shida."

Gidan Likita na bakin kasuwa, da zaure mai faɗi. Saja Ramlat ta yi sallama. Matar gidan, Inna Aina'u, ta tsaya daga bayan labule.

"Maigidan ba ya nan. Yana Rimin Gado tun jiya."

"Da me ya tafi, Inna?" in ji Sufeto.

"Da mashin ɗinsa."

Sufeto ya ɗaga gefen wata tabarma da aka jingina a bangon zauren. Babur ne a bayanta, da kwalin magani ɗaure a kujerar baya.

"Au, na manta. Motar haya ya bi."

Sufeto ya saki tabarmar. Idonsa na kan wani gilashi da ke rataye sama da ƙofar shiga gida, an kewaye shi da zanen zayyana. Shahadar saukar Alƙur'ani ce. An rubuta sunan da larabci, an maimaita da boko a ƙasa: Kamaruddeen Kamilu Muhammadu Sani.

"Masha Allah. Ta wace ce wannan?"

Muryarta ta saki, irin ta uwa. "Ta yaron nan ce, Baffa. Yana shekara goma sha uku ya sauke."

"Allah ya yi albarka. Sunan wa ya ci, ake ce masa Baffa?"

"Sunan marigayi wan mahaifinsa. Allah ya jiƙansa, saurayi ne ya..."

Labulen ya motsa, sannan aka ji takunta ya yi cikin gida.

Saja Ramlat ta dubi Sufeto. "Ban gane ba, Yallaɓai."

"Lasisi ya ce Likita shi ne Kamaruddeen ɗan Muhammadu Sani. Shahada ta ce Kamaruddeen ya mutu, uban yaron nan Kamilu ne. Mutum zai iya ba gwamnati sunan da ya ga dama, Saja. Amma ranar saukar ɗansa, gaban malaman da suka raɗa masa suna shi kansa, ba zai ce a rubuta ƙarya a ƙarƙashin ayar Allah ba."

Sha biyu ta wuce lokacin da suka koma asibitin. Muhsina na tsaye a baranda, ta jera kujeru biyu a ɗakin awo duk da ba kwamfutar da za a ɗora a gabansu. Sufeto ya wuce ta, ya tsuguna gaban maigadi.

"Baba, ina Kamilu?"

Carbin ya tsaya a hannun tsohon.

"Shekara ashirin da ɗaya rabon da na ji an kira sunan nan a waje," in ji shi.

"Ka gan shi da asuba."

"Na gan shi. Mun haɗu a bakin rijiya, jaka a hannunsa. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba." Ya ja ƙafar wandonsa sama, ya nuna wani tsohon tabo a ƙwauri. "Kububuwa ce. Kwana uku yana kaina. Da wane bakin zan faɗi sunansa?"

"Su wa suka sani?"

"Duk wanda ya kai shekara arba'in a garin nan. Mun gama ginin nan da hannunmu, muna jiran Kamaruddeen ya gama makarantar lafiya ya zo ya riƙe. Ya gama. Wata biyu da karɓo takarda mota ta kashe shi a hanyar Kano. Aka ce ba za a bar mu mu buɗe ba sai da mai lasisi. Ƙanensa kuwa ya yi shekaru a shagon magani, ya iya allura, kuma suna kama. Dattawa suka zauna a zauren mai unguwa, aka ce takarda ai ba ta mutuwa. Aka ce na ɗan lokaci ne, kafin a samo wani."

"Aka samo?"

"Ba a nema ba."

Ba a nema ba. Shekara ashirin da ɗaya gari guda yana kiran mutum Likita don kada bakin kowa ya yi tuntuɓe da sunansa, ana kiran wannan rufin asiri. Ba wanda ya tura ɗa ko ɗaya makaranta don ya gaje shi. Waɗanda suka tura kansu kuwa, aka bar su suna kallon kujera.

Muhsina ta ji komai daga inda take tsaye. Ta dafa ginshiƙin baranda.

"Yana rumfar albasarsa," in ji Baba Gana. "Bayan magudanar ruwa ta biyu."

Rumfar ta kara ce, iska na ratsa ta, albasa shimfiɗe a kan katako. Mutumin na zaune a kan turmi, mai furfura a gemu, sanye da shuɗiyar riga. Jakar na rataye a jikin azara, an naɗe ta da leda saboda raɓa. Lasisin na kan cinyarsa.

Bai tashi ba da ya ga kaki. Da ya ga Muhsina a bayansu ne ya sunkuyar da kai.

"Malam Kamilu," in ji Sufeto.

"Na'am."

"Ka ce kana Rimin Gado."

"A nan na kwana."

Sufeto ya buɗe takardar firij a gabansa. Mutumin ya dube ta, ya girgiza kai.

"Na rubuta ashe." Ya shafa gemunsa. "Wallahi ban san na rubuta ba. Na ɗauki jakar, na juyo, na ga firij. Hannuna ne ya yi."

"Me ya sa ka ɗauka?"

Ya juyo da gilashin lasisin. Hoton wani saurayi ne mai faɗin goshi, ya koɗe amma ana ganewa.

"Yana can sama cikin ƙura, ba mai kallo. Ta sauko da shi ta goge. Za ta ɗaga shi gaban mutanen da ke da rajista a hannu, da ainihin hoton Yaya. Shi kaɗai na so ɗauka. Sai na ga in shi kaɗai ya ɓata, an san ni ne. Na kwashe duka, na ɓalle ƙofar da nake da makullinta a aljihu." Ya dubi jakar. "Na ce in biyu ta wuce, gobe a tsinci jakar a bakin hanya, ba abin da ya taɓa ta."

"Sai shekarar yarinyar da za ta tafi a banza," in ji Sufeto.

"Sai ita."

"Kamar ta Tahira."

"Kamar ta Tahira."

Muhsina ta matso.

"Baba, tambaya ɗaya. Ranar da aka kawo Yaya Khadijat da ciwon kai da kumburin ƙafa, ka ce a kai ta gida ta huta. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Ya kifa lasisin a cinyarsa.

"Ban sani ba, 'yata. Na ɗauka gajiya ce. Sai da kika fara kawo littattafan nan kina karantawa a baranda, wata rana kin fita na buɗe ɗaya. Na ga shafin. Duk alamun da ta zo da su, a jere. Ɗan aji ɗaya ya san a tura ta babban asibiti a take." Ya goge ido da bakin riga. "Na iya ɗinki, na iya allura, na iya maganin saran maciji. Abin da ban gani a shago ba, ban san shi ba. Kuma ban isa na tambaya ba, don Likita ba ya tambaya."

"Da ka bar Tahira ta tafi, da yanzu akwai wadda za ka tambaya."

"Na sani."

Sufeto ya sauko da jakar ya miƙa mata. Ƙarfe ɗaya da kwata.

Kafin su iso asibitin labari ya riga su. Dattawa biyar na zaune a baranda, mai unguwa a tsakiya. Ya tashi ya kama hannun Sufeto da hannu biyu.

"Yallaɓai, kaya sun dawo, ba a yi asarar komai ba. Abin gida ne. Ga shawara: a bar shi ya zauna ya yi wa yarinyar nan shaida. Minti biyar ne. Hoton ya koɗe, a ɗan nesanta shi da kyamara. Ta samu karatunta, gari ya samu nas. Bayan nan sai mu zauna."

Sufeto Uwaisu ya zare hannunsa. Kafin ya buɗe baki, Muhsina ta riga shi, kwamfuta rungume a ƙirjinta.

"Baba mai unguwa, na ɗan lokaci ne, ko? Kafin a samo wani?"

Tsohon ya kawar da kai.

"Haka aka ce a zaurenku ina cikin zanin goyo. Ba zan fara aikin a kan takardar mamaci ba."

Ta shige ɗakin awo.

Ƙarfe biyu daidai fuskar wata mata mai tabarau ta bayyana a allon kwamfutar. Sufeto na tsaye a bakin ƙofa. Muhsina ta ɗaga takardunta ɗaya bayan ɗaya. Aka tambaye ta yadda za ta haɗa aiki da karatu, da inda take samun sabis, da abin da za ta yi in wuta ta ɗauke ranar jarrabawa. Aka tambaye ta dalilin da ya sa take son aikin nas. Ta ba da labarin 'yar gadar nan cikin jimla uku. Matar ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Madalla, Muhsina. Saura shugabanki."

Daga baranda Malam Kamilu ya dubi Sufeto. Sufeto ya matsa masa hanya.

Ya shiga ya zauna a kujera ta biyu. Ya ɗaga gilashin kusa da kyamara, kusa sosai, ya riƙe shi daidai gefen fuskarsa.

"Hajiya, wannan wana ne, Kamaruddeen. Ya rasu shekara ashirin da ɗaya. Ni sunana Kamilu, ba ni da lasisi, ban taɓa yi ba. Yarinyar nan ba ta sani ba sai yau. Shekara uku tana zuwa kafin ni, tana tashi bayana. Ta fi ni sanin aikin. In shaidar irina na da amfani, to na bayar."

Matar ta dubi hoton, ta dubi fuskarsa.

"Na gode da gaskiyarka, Malam," in ji matar. "Muhsina, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Amsoshinki sun fi na kowa a yau. Amma ƙa'ida ta ce aikin da aka yi a ƙarƙashin mai lasisi kaɗai ake lissafawa. Shekara ukun nan ba zan iya sa su ba. Ki nemi asibitin da ke da nas mai rajista, ki yi shekara guda cur. Zan bar fayil ɗinki a buɗe."

"Na gode, Hajiya."

Allon ya yi duhu. Muhsina ta rufe kwamfutar a hankali, ta bar hannunta a kai.

Saja Ramlat ta fito da ankwa. Sufeto ya girgiza mata kai, ta mayar.

"Malam Kamilu, ana tuhumarka da fasa ɗaki, da sata, da yin aikin lafiya da sunan wani. Mu je."

Suka fito ta gaban dattawan. Ba wanda ya ɗago. Mata sun taru daga nesa da yara a goye, wasu riƙe da katin rigakafi, don Laraba ce ranar allura. Suna kallon mutumin da ya yi musu ɗinki da allura shekara ashirin da ɗaya yana taka laka zuwa motar 'yan sanda, a bayansa kuma asibitin da yanzu ba mai riƙe shi.

Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya tsaya, ya waiwayo.

"Muhsina."

Ta fito bakin baranda.

"Awon yamma. Kada a manta."

Motar ta juya ta kama hanyar madatsa.

Takardar firij ta tafi da Sufeto, ta zama shaida. Muhsina ta yago wata daga littafin rajista, ta ja layuka da gefen katin allura, ta manna a murfin. Tahira ce ta shigo ba sallama, hannunta da sauran jan tumatir, ta tsaya kusa da ita. Suka duba ma'aunin tare.

"Shida," in ji Tahira.

Muhsina ta kamo biron da ke lilo a zarensa, ta rubuta.